Harafin da Ya Juya Baya

Tun Fabrairu aka aiko da takarda:
riga mai ratsin shuɗi, tawul, kofi, burushin haƙori,
kowanne da sunan yaro a jiki.
Ɗana Hernán ya karanta mini a tsaye,
takalmin robarsa na ɗigar ruwan teku a kan katako,
ya zana haruffa shida a bayan kwalin shayi,
ya koma wurin kiwon kifi.
Sai bayan kwana goma sha huɗu.

Ni Eduvina, saba'in da ɗaya,
ina saƙa ulu ido rufe,
na san sa'ar da teku ke janye zaninta a tono kodi,
na san dankali iri tara, kowanne da halinsa,
amma biro bai taɓa kwana a hannuna ba.
A tsibirin Quehui, zamaninmu,
gona ta fi aji gaggawa.

Uwarsa Yasna ta ɗauki nata ɓangaren:
barci da takwas, ko rana ba ta gama faɗuwa ba,
maɓalli a raminsa, na sama a na sama,
yadda ake ɗaga hannu in fitsari ya matsa,
yadda ake faɗin suna ba a cikin wuyan riga ba.
Ran Lahadi muka taka har ƙofar makarantar,
muka leƙa ta waya: lilo biyu, bango mai zanen kifi.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Kaka, in na tafi, wa zai tsare ki?"
Na ce kaji.
Bai yi dariya ba.

Dare uku ina gaban murhu,
ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi,
jan zare, allura, kwalin shayi a gwiwa.
Na farko shinge ne da sanda ta gitta.
Na biyu rufin ɗaki.
Na uku tsani mai mataki ɗaya,
sai tukunya, sai matsefi, sai ƙafa.
Haka na karanta jikana,
Nahuel,
da abin da na sani.

Litinin, farkon Maris, yayyafi.
Ya ci rabin burodi, ya ɓoye rabi a aljihu.
Malama Marisol ta durƙusa daidai tsayinsa,
ta dubi ƙirjin rigar, ta ɗan tsaya,
sannan ta kira sunan cikakke.
Ya riƙe ɗan yatsana har ya yi fari.
Ya saki.
Ban san yatsa na iya jin sanyi shi kaɗai ba.

A hanya Yasna ta ce, a hankali,
"Na farkon a juye yake, Mama.
Ba kome, da dare zan warware."
Na ce to.
Kunya ta riga ni isa gida.
Na share inda na riga na share,
na dafa abincin mutum uku, na zauna ni ɗaya,
agogon bango yana tafiyar kunkuru.

Da azahar sai ga shi, fenti har kunne.
"Kaka, riguna duk iri ɗaya ne a ƙusa!
Wani ya yi kuka, ya rasa tasa.
Ni na gane tawa nan take:
harafina ne kaɗai ke waiwayen gida."

Almakashin na hannun Yasna.
Ta mai da shi cikin gwangwani.

Yanzu kullum da yamma, in tururi ya rufe taga,
yakan kama wannan yatsan dai,
ya ja shi a kan gilashi:
sama, gangare, sama kuma.
"A'a, Kaka. Sake."
Ina sakewa.
Malamina shekararsa huɗu,
kuma ba shi da haƙuri ko kaɗan.