Gadin Dare a Duluth

Ƙarfe uku saura kwata.
Ɗakin nan ba shi da taga,
sai alluna bakwai, da shayin da ya huce,
da ni, Tanimu, mai gadin wutar mutanen
da ba su san sunana ba.

A waje tafki ya daskare tun Disamba.
Sanyin garin nan ba ya wasa da kowa.
Wuta ta ɗauke dare guda,
famfo ya fashe a bango,
tsoho ya kwanta bai tashi ba.

A Gusau na girma, ni da duhu mun saba.
In sun ɗauke, mu fito da tabarma.
In sun kawo, ihun yara har bakin titi.
Ɓarawon wuta na can na san kamarsa:
tsani ne da filaya, ya hau falwaya cikin dare.
Yana da ƙafa, ana bin sawunsa.

Na nan ba shi da sawu.
Yana can wata ƙasa, wataƙila da silifa, yana ɓare gyaɗa.
Ya aiko wasiƙa mai kama da ta ofishin albashi,
wani cikinmu ya danna don gajiya.
Shi ke nan, baƙo ya shigo.
Wata huɗu yana zaune ko tari bai yi ba,
yana cin gidan a hankali
kamar gara a cikin azara.

Ranar Talata ne kibiyar allo ta motsa
alhali hannayena biyu suna kan cinya.
Ba ta yi dabur-dabur irin na baƙo ba.
Ta tafi kai tsaye, tafiyar ɗan gida,
ta nufi makunnin layin asibiti.

Ban tuna asibitin ba, in faɗi gaskiya.
Ingrid na tuna, tsohuwar da ke ƙasan benena,
wadda nake jin injin numfashinta ta cikin daɓe,
fuu, tak, fuu, tak,
har ya zame min abin da ke sa ni barci.

Na fizge waya daga bango.
Na kira Arvid, wanda aka yi wa walimar ritaya bara,
aka ce zamaninsa ya wuce.
Ya fito da rigar barci a ƙarƙashin kwat,
ya keta ƙanƙara da tsohuwar motarsa,
ya tsaya a tasha, hannu kan mariƙin ƙarfe,
har gari ya waye.
Da na gode masa sai ya ce,
"Ƙarfe ba ya karanta wasiƙa, yaro."

Da safe burodi ya gasu a kowane gida.
Fitilun hanya suka ci gaba da ja da kore.
Ingrid ta tare ni a matakala
ta ce takalmina ya cika ƙara.
Na ba ta haƙuri.

Masu bincike sun zo, sun ce an share gidan tas.
To, Allah ya sa.
Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma tsoro yake ba shi.
Ga ni yau ma, ƙarfe uku ta gota,
na janye hannu daga linzami,
na zuba wa kibiyar ido,
ita ma kamar ni take kallo.