Gwangwanin Edna

A gidan tsofaffi na Accrington nake aikin dare.
Ɗaki na tara, gadon bakin taga,
nan Edna Haworth take, tamanin da bakwai a duniya.
Haƙora sun yi sallama, ido ya dushe,
amma ƙafar hagu ba ta ji labarin tsufa ba:
cikin barci ma harbin bargo take.

Wani dare ta ce, "Miƙo min gwangwanin can."
Na zaci biskit ne. Ashe hotuna ne.

Na farko ya koɗe, gefensa ya cinye.
Mata goma sha ɗaya, hannuwa a harɗe,
audugar masaƙa ba ta gama barin gashinsu ba.
"Ta uku daga dama, Nellie, ita ta haife ni.
Maza sun tafi yaƙi, an bar musu inji da fili.
Abinci a tsaye, sauran hutun na ƙwallo.
Ran Asabar gari ya cika har kan katanga,
kuɗin ƙofa ya tafi asibiti,
wurin samarin da suka dawo ba ƙafa."

Sai masu kwat suka zauna a Landan
suka ce ƙwallo ya fi ƙarfin jikin mace.
Jikin da ke jan dilar auduga tun asuba!
Aka datse fili da kwaɗo.
Shekara hamsin ba a ga makulli ba.

"Kin san ciyawa?" in ji Edna.
"Ɗora mata dutse, ta gefe za ta ɓullo."
Bayan makabarta suka koma,
inda sai an kwashe kashin shanu kafin a busa usur,
riguna biyu a ƙasa, su ne raga.
Nan Nellie ta koya wa 'yarta bugun hagu,
ruwan sama na shiga musu kunne.

Hoto na biyu, an buɗe kwaɗo.
Edna ce a gaba, 'ya'ya uku a gida,
ta tara mata a bayan shagon soya kifi.
A bahon wanka suka rina jesi,
shuɗi suka nufa, ruwan toka ya fito,
har gobe shi ne launin ƙungiya.
Motar mai madara ta kai su wasan farko,
aka yi musu tara da nema,
suka dawo da shewa cikin kwalabe
kamar kofi ne a hannu.

Yanzu akwai fitilu, akwai koci, akwai likita,
akwai 'yan shekara shida da takalmi ya fi su nauyi.
Ranar Lahadi na roƙi izini,
na naɗe ta da bargo biyu, na tura kekenta har bakin layi.
Ta yi shiru tsawon rabin wasa.
Da aka zura mana na biyu sai ta dunguri gwiwata:
"Mai tsaron gidan nan laka take tsoro."
Na ce, "'Yata ce. Mardiyya."
Ko kunya ba ta ji ba.
"To ki gaya mata, laka ba ta cizo."

Na gaya mata.

Edna ta rasu a watan biyu, da asuba, ina kan aiki.
Jikokinta suka ɗauki agogo da zobe,
suka ce gwangwanin, duk mai so.

Yana kan firij ɗina.
Na ƙara hoto ɗaya a ciki:
yarinya kwance a iska, ɗankwali ya zame,
yatsu sun taɓa ƙwallo.
Duk daren Lahadi ina gaban famfo
ina dirzar jesi ruwan toka,
ina mita da baki,
lakar kuwa ta ƙi fita.