Baibai

Turancina a bakin titi na tsince shi,
ba allo, ba alli, ba bulalar malam.
Oga Bitrus ya fara ba ni, a garejin Kakuri,
hannunsa duk baƙin mai, yana dukan bodin mota:
"Ribas! Ribas! Kam, kam, kam, ya isa!"
Ni kuwa ɗan shekara sha shida,
ƙafata na rawa a kan kuloci.

Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya.
Wanwe na koya ranar da ɗan sanda ya zare min makulli
a bayan Kasuwar Barci, na wuni ina ba da haƙuri.
Goslo a kan gada ya koya min kansa,
kogi na wucewa a ƙasa, ya fi mu sauri.
Lodi, dirof, fakin, yuton,
shekara talatin da ɗaya ina ci da su,
da su na yi rufin kwano a Tudun Nufawa.

Amma akwai guda da ban taɓa yarda da ita ba.
Go.
A harshenmu, in tafiya ta ƙare da o, wajenka ta nufo:
zo, taho, dawo, komo,
fita ta zama fito, shiga ta zama shigo,
wanda ya yi nisa ma sai a ce ya aiko.
Wasali ɗaya, zagayayye kamar sitiyari,
ya juyo da mutum ya fuskance ka.
To wane irin harshe ne wannan
da zai ɗauki o ɗinmu ya liƙa wa kalma
sannan ya kora ta gaba, ko waiwaye babu?
Na tambayi Oga Bitrus. Ya yi dariya har da tari,
ya ce, "Tanimu, ja mota, fasinja na jira."

Yau da asuba na kai Barira tashar Rigasa.
Autata. Akwati biyu, takardar kama aikin asibiti,
da dambun naman da uwarta ta cusa cikin zane.
A hanya tana waya da wata ƙawa, Turanci na zuba,
ina tara kamar mai taron indararo da tafin hannu.
Na ji go sau uku.
Ban ji kam ba ko sau ɗaya.

Tun daren jiya na jera mata guzurin baki:
Allah ya kiyaye hanya, a sauka lafiya, sai kin dawo.
A ƙofa mai duba tikiti ya ce iyakata nan.
Layi ya ja ta kafin in buɗe baki.
Ta ɗago hannu ta saman kawunan mutane,
"Baba, bai-bai!"

Baibai.
Haka muke ce wa riga in an sa ta a juye,
ɗinki a waje, aljihu na kallon fata.
Yarinyar ta faɗi daidai ba ta sani ba.
Ni da na saba sauke mutane in ƙara gaba,
yau ni aka sauke.

Jirgi ya yi kuka ya miƙe kudu.
Na duba shi da idon direba:
ba sitiyari, ba inda zai yi kwana.

Na daɗe a mota ban murɗa makulli ba,
kujerarta da sauran ɗumi.
Wani saurayi ya ƙwanƙwasa gilashi,
"Baba, dirof ne. Kawo."
Na ce shigo.
Kawo. Dubban sau na kira sunan nan a bakin tasha,
ban taɓa jin cewa roƙo ba ne sai yau.
Na fita daga fakin da ribas,
tashar na ƙanƙancewa a madubi,
ina ta nanata shi a ƙasan harshe
har muka wuce Mando.