Jikar Maɗori a Sheffield

Ƙarfe uku na dare, ƙanƙara ta mai da titi gilashi,
aka turo mini Maureen a gado mai taya.
Tamanin da ɗaya. Ta zame a bakin ƙofarta
garin fitar da shara.
Na ce ta riƙe numfashi,
na laɓe bayan bango, na danna.

Ga ta a allo, ba fata, ba furfura,
sai farin ƙashi cikin duhu:
kwankwaso buɗe kamar akushi,
kan ƙashin cinya zaune a raminsa, taɓarya a turmi,
sai ɗan siririn layi a wuyansa
irin tsagar ƙwaryar da ta faɗi sau ɗaya.
Nan ne.

Kakana Nomau, maɗorin Talata Mafara,
bai taɓa ganin abin da nake gani ba.
Shi da yatsa yake kallo.
Ya rufe ido, ya bi sangali a hankali
kamar makaho na bin katangar gidansu,
ya tsaya, ya ce: nan ne.
Karan dawa, tsumma, man shanu, tofi,
sannan ya ce a kawo tuwo, majinyaci ya ci.

Kaka, da kana nan da na ƙirga maka su.
Ɗari biyu da shida ne.
Jariri kuwa da sun fi haka yake zuwa,
suna haɗewa yana girma, har maɗiga ta rufe,
ƙoƙon kai ya zama rumbu
mai tsare abin da ba a so ya zube.
Haƙarƙari goma sha biyu dama, goma sha biyu hagu,
danga ce kewaye da zuciya da huhu,
amma danga mai numfashi.
Gadon baya tsakiya ce, an shirya ta ɗaya bisa ɗaya,
guringuntsi a tsakani don kada su yi faɗa,
shi ya sa ruku'u ke yiwuwa, da noma, da goyo.

Akwai wani can cikin kunne,
bai kai ƙwayar shinkafa ba, siffarsa ta likkafa.
Da shi ka ji kukana ranar da na faɗo daga mangwaro.

Kuma ba busasshen icce ba ne, Kaka.
Ɓargon da kake ƙwanƙwasa mana a faifai ranar Sallah
masaƙa ce, dare da rana jini take saƙawa.
Ƙashi na rushe kansa yana sake gini,
magini ne da bai taɓa sauka daga tsani ba.
Za ka yi dariya, na sani.
Kullum cewa kake:
ni jerawa kawai nake, shi ke ɗinke kansa.

Gobe za su sa wa Maureen ƙarfe a ƙugu.
Ta kama hannuna, ta ce: zan sake tafiya?
Kyanwata na gida ba mai ba ta abinci.
Na ce likita zai zo ya yi bayani.
Abin da aka yarje mini in faɗa ke nan.
Ƙwarin gwiwa ba ya fitowa a hoto,
amma na ji shi a riƙon da ta yi mini.

Ni ma an gwada jinina bara,
aka ce ƙashina na kewar rana.
'Yar Mafara, wai rana ake auna mini a ƙwaya,
ɗaya kullum bayan karin kumallo!

Asuba na fito, ina jiran bas, dusar ƙanƙara na sauka.
Wuyan hannuna na hagu ya soma tsuka,
daidai ɗan kullin da ɗorinka ya bari.
Na taɓa ɗaukar hotonsa.
Ya ɗan karkace, Kaka, kaɗan.
Abokan aikina sun ce ana iya gyarawa.
Na ja safar hannu na rufe shi.