Kofi Uku

A Garin Malam na tashi,
inda famfo kan kwana huɗu yana tari
bai zubo ko ɗigo ba.
Inna da kofi uku take yi mini wanka,
ruwan wankan ta wanke tsumma,
na tsumman ta kai wa lemun tsamin bayan ɗaki.
Wanda ya girma haka, in ya zauna gaban kwamfuta,
hannunsa ba ya sakin komai a banza.

Shekara goma sha shida ke nan
da na rubuta wa Hajiya Fassuma ƴar manhajar lissafi
don shagon maganinta na bayan Kasuwar Dole.
Kwali nawa ya shigo, wa ya ci bashi,
wace kwalba za ta lalace watan gobe.
Nauyinta duka bai kai na hoton fasfo ba.
Kafin ka ɗauke yatsa ta buɗe.

Jiya Zabeiru, ɗan ƙaninta, ya iso daga Yamai
da sabuwa, mai sheƙi kamar tiren amarya.
Ba ta gaishe mu ba, ta ce sai an sabunta ta.
Megar jika biyu ta shanye kafin azahar.
Fankar injin na haki
kamar jakin da aka ɗora wa buhu huɗu a hawan duwatsun Birni.
Ƴar da'ira na juyawa, na juyawa,
wani dattijo tsaye da takardar likita a hannu,
maganin hawan jini kawai yake so.
Sai aka ɗauke wuta.
Ta koma daga farko.

Na ce, yaro, me ta haɗiye haka?
Harsuna arba'in, in ji shi, da hasashen ƙanƙara,
da ɗan tsuntsun da ke rawa in ciniki ya faɗa.
Na ce, gishirin dala biyar aka aike ka,
ka dawo da raƙumi, da kayansa, da mai jansa,
kuma dukansu a gidanmu za su ci tuwo.

Bai yi fushi ba. Ya kurɓi shayinsa.
Baba, ya ce, wata nawa ka yi kana rubuta taka?
Biyar, na ce.
Ni kwana tara. Na ari tubalin wasu na gina.
Ƙwaƙwalwar inji ta yi araha, ranar mutum ce da tsada.
Taka ba ta magana da waya.
In ɓera ya ci igiya, ko injin ya mutu,
bashin shekara sha shida ya bi shi kabari.
Kuma ranar da ba ka nan, wa zai karanta abin da ka rubuta?
Ko kai, na ga sai da ka sa tabarau kana zagin kanka.

Wannan ta same ni a haƙarƙari.
Gaskiya ce, na matse layukan nan
har ni ma da ƙyar nake wucewa tsakaninsu.

Amma araha a wurin wa?
Wanda ya rubuta ya huta kwana ɗari,
mu dubu muna biya da minti, da batir, da kuɗin cefane.
Injin da lafiyarsa ƙalau an ce ya tsufa,
don kawai an ɗinka masa rigar da ta fi ƙarfin wuyansa.
Bakwai ke jibge a shagona, ba wanda ya yi ciwo.

Hajiya ba ta shiga gardamarmu ba.
Da wuta ta dawo ta kunna tsohuwar,
ta sallami dattijon, ta ba shi canjinsa.
Ta ce mu zauna mu biyu mu yi mata guda
mai magana da waya, wadda ba ta shan ruwan gida.

Mun fara da safen nan.
Yana ƙara layi, ina gogewa.
Har yanzu ba mu shirya kan tsuntsun ba.