Ranar Awo

Ni mai sayar da kabeji a Farin Gada,
hannuna kan san nauyi tun sikeli bai yi magana ba.
Amma ran Talata, in an rataye Rumasa'u a wandon awo,
sai hannun nan ya manta komai,
in tsaya ina kallon allura tana rawa
kamar bakin alƙali.

Kilo biyar da ɗigo huɗu.
Sista Nanbam ta ɗiga biro a kati,
ta haɗa shi da ɗigon watan jiya.
"Layi ya hau," in ji ta, "amma hawan mai ciwon gwiwa.
Ke fa, me kika karya da shi?"
Na ce shayi.
Ba ta tambayi madara ba, ta dai dubi ƙashin wuyana.

Ƙarfe tara na dare nake haɗiye ƙwayata
daga tsohon gwangwanin yaji, can bayan tukwane.
Da tana jaririya nata na ruwa ne, a sirinji marar allura,
ta yamutsa fuska, ta tofar, in sake.

Kakarta ta ce, "Wata huɗu, 'ya ba ta san ruwa ba?
Ko akuya na kai nata rafi."
Na ce asibiti sun hana, nono zalla sai wata shida.
Sauran maganar na bar ta a ciki:
nonon nan da ke raya ta,
shi nake tsoro, kuma shi nake roƙon kar ya ƙafe.

Tana sati shida suka huda mata diddige.
Takarda ta dawo, ba ta ɗauka ba.
Na yi kuka a bayan tankin ruwa har mai gadi ya kawo mini kujera.
Sun ce saura gwaji,
na ƙarshe sai ta shekara ɗaya da rabi.
Ban taɓa sanin watanni na da tsawo haka ba.

Yau ban kai ribar jiya adashi ba.
Na sayi ƙwai biyu, da wake rabin mudu,
na zauna bakin titi na ci ɗaya ba kunya,
don ta bakina abincinta ke bi.

Sanyin Jos ya sauko da wuri.
Na ƙara mata hula, na ɗaure zani,
muka kama hawan duwatsun Unguwar Rogo.
A tsakiyar tudu na tsaya ina haki,
na gyara goyo.
Bayana ya ce ta ƙaru.
Ban sani ba ko gajiya ce.