Takardar Sallama

Arzika ya dawo daga Tawa ran Laraba,
a kan babur, ɗansa na tallafe da shi,
takardar a ninke huɗu cikin hula,
gumi ya ci gefe guda.

Na shimfiɗa ta kan teburina a Kalfu.
Kwana goma sha ɗaya a gado,
layi uku a takarda:
ya samu sauƙi, a ci gaba da magani, ya dawo.
Wane magani, ɗana?
Ya dawo yaushe, kafin yankan gero ko bayansa?
Sunan cutar kuwa
kamar kaza ta taka tawada ta wuce da gudu.

Yaron ya zazzage leda:
farare, rawaye, wasu rabi ja rabi baƙi, ba kwali.
"Sun ce sau biyu."
Wanne?
"Sun dai ce sau biyu."

Sai na ajiye takarda na karanta mutum.
Ɗinki tara ƙasan cibiya,
hannu mai kyau ya yi shi, wannan na shaida.
Na danna idon sawu, ramin ya ƙi cikowa.
Na ce, Baba, me suka cire?
Ya ce shi dai barci ya yi.

Na kira lambar da ke ƙasan hatimi.
Ta yi ta kuka a ɗakin da ba kowa.

A kusurwa ka sa suna: Nafi'u, ɗalibin likita,
huɗu saura kwata na asuba.
Ga zoben da kofin shayi ya bari.
Na san wannan lokacin,
na yi shekara biyu a barandar nan:
gado arba'in, mutum ɗaya, ido na yaji,
babba ya buga hatimi bai duba ba.

Ban zage ka ba.
Amma abin da ka sani game da cikinsa
yana cikin kanka,
kai kuwa ba ka hau babur ba.

Na juya bayan takardar na jera tambayoyi biyar
da manyan baƙaƙe.
Shitu direba zai kai maka ran Lahadi
in ya sauke buhunan albasa.

Arzika na kan benci, yana tambaya
ko zai iya shan fura.
Ko wannan ba ka faɗa ba.
Na ce ya sha kaɗan.